Tsohon gem ko sabo: wanne ya cancanci kuɗinka a Legas?

Wanda ya shiga layin masu kayan gem a kasuwar Alaba International ko Computer Village ta Ikeja da 'yan kuɗinsa a aljihu, na'urorin gem uku na PlayStation, na kamfanin Sony, zai tarar a kan kanta: PS2 tokumbo wadda ta sha hannu, PS4 ta hannu mai ɗan sauran ƙarfi, da PS5 a cikin kwalinta. Mai shago ya san aikinsa. Ta ukun zai kunna maka a babbar filasma, ka ga gumi na gangarowa a goshin ɗan ƙwallo, ka ga ciyawar fili ɗaya bayan ɗaya. Daga nan in ka waiga ka dubi PS2 sai ka ji kamar kunya. Tambayar da samarinmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 ke yawan yi ke nan, musamman waɗanda suka girma a gidajen gem na Kano da Kaduna kafin neman abinci ya kawo su Ikko: tsofaffin wasannin nan har yanzu suna da daɗi, ko kuwa kewar ƙuruciya ce kawai ke ruɗarmu?

Ra'ayina shi ne, munin hoto ba shi ke kashe tsohon gem ba. Abin da ke kashe shi dabam ne, kuma ba kowane tsoho ne ya mutu ba. Sai an raba su gida uku kafin a yi musu hukunci.

Gida na farko su ne masu shimfiɗaɗɗen zane, waɗanda ɗan wasa ke gudu daga hagu zuwa dama. Nintendo ta fitar da na'urar Famicom a Japan a 1983, Super Mario Bros ya biyo baya a 1985, Sega ta zo da na'urar Mega Drive a 1988, sannan Sonic da Street Fighter II suka fito a 1991. Mu nan yawanci ba na asalin muka sani ba, sai kwaikwayon da ake shigowa da shi, mai kaset ɗin nan rawaya da aka rubuta wasa dubu a jikinsa alhali Contra ne da Mario da wasu 'yan tsiraru ake ta maimaitawa. Waɗannan ba su tsufa ba, kuma dalilin a fili yake: waɗanda suka zana su ba su taɓa cewa za su kwaikwayi fuskar mutum ta gaskiya ba. Zane ne irin na katun, an zaɓi launi mai haske, an sa kowane abu ya fita sarai. Ka danna maɓalli, Mario ya yi tsalle a take, ba jira. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, tubala ne kawai ke faɗowa daga sama, amma har gobe yana hana mutane barci. In kana neman shaida daga wannan zamanin, dubi Minecraft na 2011, wanda komai nasa murabba'i ne kamar bulo, ya kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Yaran da ke son sa ba su san wani Sega ba balle a ce kewa ce.

Gida na biyu shi ne inda matsala take, kuma shi ne wanda mutane suka fi tunawa da ƙauna. PlayStation ta farko ta fito a ƙarshen 1994, lokacin da masu yin gem ke koyon yadda ake gina duniya mai zurfi wadda za ka shiga ka juya. Fuskoki kamar an sassaƙa su da gatari, bango na rawa in ka matso kusa. Wannan duk da sauƙi, ido yana sabawa cikin rabin awa. Abin da ba ya sabuwa shi ne tuƙin. Fad ɗin farko na PlayStation, wato abin da ake riƙewa a hannu ana dannawa, ba shi da sandunan nan biyu na babban yatsa, sai a 1997 aka ƙara su. Saboda haka a Tomb Raider da Resident Evil na 1996, in kana so ka juya baya sai ka tsaya cak, ka juya jikinka a hankali, sannan ka yi gaba. Kyamara kuma tana kallon inda ta ga dama, abokin gaba na dukanka daga inda ba ka gani. Wanda ya saba da na yanzu ba zai jure minti ashirin ba. Akwai waɗanda suka tsira, irin su Tekken 3 da Crash Team Racing, saboda faɗa da tsere ba sa bukatar yawo da kyamara. Amma galibin na wannan zamanin, a bar su a zuciya ya fi. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji Hausawa, sai dai a nan in ka koma baran da gaske za ka tarar ba yadda ka ajiye ta take ba.

Gida na uku shi ne PS2, wadda ta fito a shekarar 2000, ta kuma sayar da fiye da miliyan 155, adadin da ya sa ta zama kan gaba a tarihin irin waɗannan na'urori. A zamaninta ne aka gama gano yadda ya kamata hannu ya riƙa tuƙa mutum a cikin gem. GTA San Andreas na 2004, God of War da Resident Evil 4 da Need for Speed Most Wanted na 2005, duk za ka ɗauka yau ka ci gaba kamar jiya ka ajiye. San Andreas ya cusa birane uku da daji da hamada a faifai ɗaya da bai kai giga biyar ba. Har ma akwai wani darasi a kansa. A Nuwamban 2021 kamfanin Rockstar ya fitar da shi a sabon gyara, an goge hoton, an ƙara haske, aka cire hazon da ke rufe nesa a na asali. Sai ga shi duniyar ta zama 'yar ƙarama, kana tsaye a kan dogon gini kana hango ƙarshenta. Ashe hazon da aka sa don na'urar ba ta iya zana nesa, shi ne ke ba wurin girma. Mutane suka yi ca, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Ƙarin kyan hoto bai ƙara daɗi ba, ya rage.

Kafin ka yanke wa PS2 hukunci a shago, lura da irin talabijin ɗin da aka jona ta. Rabin munin da kake gani ba laifin gem ɗin ba ne. An yi waɗannan wasanni ne don talabijin mai ƙeya, irin ta da, wadda layukanta ba su wuce 480 ko 576 ba, kuma gilashinta yana narkar da ɗigo-ɗigon hoton su haɗu da juna. Filasmar yau tana da layi 1080, wata ma 2160. In ka jona mata kebul ɗin nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, dole ta ja hoton ta buɗe shi ya cika allon, sai komai ya yi dishi-dishi, 'yan ƙwallo su yi faɗi kamar an danne su. Wata kuma tana ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi, wanda a wasan faɗa ya isa ya sa a ci ka. Maganin ba shi da tsada. Ko dai ka nemi tsohuwar talabijin, wadda yanzu masu gyara a unguwa ke neman kai da ita, ko ka sayi kebul mai kai biyar ko ɗan akwatin da ke mai da hoton zuwa HDMI, sannan ka shiga saitin filasmar ka mai da allon 4:3, ka kunna yanayin gem in tana da shi. Da yawa daga masu cewa tsohon gem ya zama abin dariya, a kan filasma mai inci hamsin suka gan shi a miƙe.

Yanzu sai ƙwallo, domin in za a faɗi gaskiya, mafi yawanmu ita muke saye wa na'ura, sauran wasannin rakiya ce. A nan ne muhawarar ta fi zafi a majalisar dare. Wanda ya buga Winning Eleven a PS1 ba zai manta Tijani Babangida ba, ɗan Kaduna, na Ajax, wanda in ka zura masa ƙwallo a gefe ba mai kamo shi, ko yadda ake ɗauko Roberto Carlos daga baya a mai da shi ɗan gaba. PES 6 na 2006 kuwa, wato Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami mai Winning Eleven, har yanzu akwai masu rantsuwa ba a yi kamarsa ba. Adriano na Inter yana da ƙarfin shot 99, in ya saki ƙafar hagu daga nesa sai dai gola ya ɗauko a raga. Liverpool ba ta da sunanta, Merseyside Red ake kiranta don Konami ba ta da lasisi, kuma ba wanda ya damu. Abin da ya riƙe wasan shi ne ƙwallon tana da nauyi, ba ta manne wa ƙafa, wasa yana da sauri, kuma maɓallan kaɗan ne, baƙo zai iya koya kafin shayi ya huce. Minti goma an gama, wanda aka ci ya miƙa fad ga na gaba.

Na yanzu fa? Konami ta sauya sunan PES zuwa eFootball a 2021, kishiyarta EA kuma ta rabu da sunan FIFA bayan FIFA 23, ta koma EA Sports FC daga 2023. Motsin 'yan wasa ya fi kama da na gaske nesa ba kusa ba, dabarun tsaron baya sun fi zurfi, golan ma ya fi hankali. Amma babban abin da suke da shi wanda tsoho ba zai taɓa samu ba shi ne 'yan wasan yau. Yaron da ya ga Osimhen ya zama gwarzon Afirka a 2023, Lookman ya gaje shi a 2024, su yake so ya tuƙa, ba Kanu a Portsmouth ba. Ka ce masa Okocha ya fi su iya ƙwallo, zai ce to, Baba, amma ba zai ɗauki fad ba. Masu shago suna da PES na PS2 da aka yi wa kwaskwarima aka sa sunayen bana da rigunan bana, kuma yana rage zafi, sai dai injin wasan na da ne, fuskokin kuwa sai ka karanta suna kafin ka gane waye. Saboda haka a fagen ƙwallo hukuncin ya rabu: wanda daɗin bugawa yake nema da abokai a ɗaki ɗaya, PES 6 ko PES 2013 sun ishe shi har ya tsufa, wanda ke bin Firimiya mako-mako yana so ya ga ƙungiyarsa yadda take, tsoho ba zai gamsar da shi ba ko an yi masa fenti.

Sai kuma lissafin da mai shago ba zai yi maka ba, wanda Legas ce ke tilasta shi. PS5 tana jan wajen watt 200 in ana wasa mai nauyi, wato awa biyar ta cinye yunit ɗaya a mita, ban da talabijin. Siririyar PS2 ba ta kai watt 50 ba. Tun da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A a Afrilun 2024 ya haura naira 200 kowane yunit, ga fetur da ya tashi bayan cire tallafi a Mayun 2023, wannan bambanci ya daina zama abin rainawa. Ƙaramin janareta ko 'yar sola da batir ɗaya za su ɗauki PS2 da ƙaramar talabijin da fanka ba tare da kuka ba. Kuma in an ɗauke wuta bagatatan, abin da za ka rasa a PS2 shi ne wasan da ba ka ajiye ba. PS4 da PS5 kuwa suna da rumbun ajiya a ciki wanda ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar aiki. Sau da yawa in ta dawo sai ta tsaya duba kanta, wani lokaci a rasa abin da aka ajiye.

Data ma haka. Manyan wasannin yau suna cin giga hamsin, wasu sun haura ɗari, kuma ko faifai ka saya, ranar farko sai ya nemi ka sauke gyara. Bayan 'yan makonni ya sake nema. In kana so ka kara da mutane ta intanet a yawancin wasannin da ake saya, sai ka biya kuɗin PlayStation Plus, wanda da kuɗin waje ake lissafa shi. Sabon gem guda ɗaya a Amurka dala 70 ne. Ita na'urar kanta dala 499 aka fara sayar da mai faifai a Nuwamban 2020. Ka buga wannan da canjin yau. PS2 ba ta san intanet ɗinka ba, ba ta tambayar kalmar sirri, ka kunna ta kama.

Kada wannan ya sa a zaci na yanzu ba su da abin yabo sai hoto. Suna girmama lokacin mutum fiye da na da. Suna ajiye maka inda ka tsaya da kansu, alhali a Resident Evil na da sai ka nemo keken rubutu a wani ɗaki kafin ka ajiye, in an kira ka shago kafin nan aikin awa guda ya tafi. Ɗan kasuwar da ya taso daga Mile 12 ya sha cunkoson hanya, ya iso gida da minti arba'in kacal kafin barci ya kwashe shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Ga kuma zumunci: wanda ƙaninsa ke Zariya ko abokinsa ke Jidda, PS4 za ta haɗa su a fili ɗaya suna hira, abin da PS2 ba za ta yi ba. Sai dai wasan intanet ba ya jiran kowa. An kira Magariba kana minti na sittin, ko ka bari a ci ka ko ka makara. Na cikin ɗaki kuwa maɓalli ɗaya ne, kowa ya tashi ya yi alwala, a dawo a tarar da ƙwallo inda aka bar ta.

Ga masu saya wa yara, akwai kuskuren da ake yawan yi, wato ɗaukar cewa tsohon gem tunda hotonsa bai fita sosai ba, ba shi da illa. San Andreas na manya ne, cike yake da zagi da harbi da abin da ba ka so ɗanka ya gani. God of War akwai tsiraici. Mortal Kombat na 1992 saboda jininsa ne har majalisar dokokin Amurka ta yi zama, aka kafa hukumar sa wa wasanni alamar shekaru a 1994. Mai loda wasanni a filash zai zuba maka duk abin da ake yayi in ba ka hana shi ba. Ka zauna a gabansa ka zaɓa: ƙwallo, tseren mota, Sonic, Crash. Amfanin tsohuwar na'ura ga yaro shi ne ba baƙon da zai yi masa magana ta cikinta, ba kuma shagon da zai riƙa roƙonka kuɗin sayen riga ko ɗan wasa.

In ka tsai da shawara a kan PS2, ka tuna Sony ta daina ƙera ta tun wajen farkon 2013. Duk wadda aka nuna maka a kwali aka ce sabuwa ce fil, an sake mata riga ne, cikinta ya haura shekara goma. Ba laifi ba ne in farashin ya nuna haka. Abin da ke fara mutuwa shi ne idon da ke karanta faifai, shi ya sa yawanci yanzu ta filash ake kunna su, da memori na musamman. Ka sani kofar USB ɗinta tsohon samfuri ce mai jinkiri, bidiyon cikin wasa zai riƙa sarƙewa, ko da yake wasan kansa yakan tafi daidai; kuma waɗannan kwafi ne, ba na asali ba. Duba bayanta ka karanta wutar da take sha. Mai kaurin da aka yi wa kasuwar Amurka ko Japan wutar 110 take so, tamu kuwa 230 ce, in ka soka kai tsaye hayaƙi za ka gani. Wadda ta fito daga Turai ba ta da wannan matsala. Leƙa ramukan baya ko akwai tsatsa, don iskar Legas mai gishiri ba ta barin ƙarfe. Fad kuma ɗauke shi ka ji nauyinsa, na asali ya fi na kwaikwayo nauyi, kuma tsohon na asali ya fi sabon jabu daɗewa. Kada ka biya sai an kunna ta ta yi aƙalla rabin awa a gabanka, ka buga wasa biyu, ka taɓa jikinta ka ji zafi.

Akwai hanya ta huɗu ga wanda bai tabbatar ba. Manhajar PPSSPP tana kunna wasannin PSP, ƙaramar PlayStation ta riƙewa a hannu, a wayar Android, PCSX2 kuma tana kunna na PS2 a kwamfuta, har ma ta ƙara wa hoton kaifi fiye da na'urar asali. Gwada a nan tukuna, mako ɗaya. In ka ga kana komawa, to ba kewa ba ce, daɗi ne. Sai dai ka haɗa da fad, domin danna gilashin waya yana ɓata kowane wasa da aka yi don maɓalli.

Ni dai in an ce in zaɓa wa mutum, sai na fara tambayarsa mutum nawa ne za su zauna gaban talabijin ɗin. Ɗakin samari a Alaba Rago ko Agege, mutum biyar ko shida, wuta na zuwa tana tafiya, kowa na jiran layi: PS2 da fad biyu masu kyau da PES, sauran kuɗin a zuba a jari. Mai zaman kaɗaici wanda abokan wasansa ke nesa, ko mai yara da suka fara bin ƙwallon Turai: PS4 ta hannu, domin tana ɗaukar fad huɗu, faifanta na hannu sun yi araha ana kuma musanyarsu, kuma hotonta bai tsufa ba ko kaɗan. PS5 sai ga wanda ya riga ya warware matsalar wuta da intanet a gidansa, kuma ko shi ya sani tana karɓar kusan duk wasannin PS4 amma faifan PS2 ba ya shiga cikinta, don haka in yana da tsohuwar a ƙarƙashin gado, kada ya yi saurin bayar da ita.